Me ya sa Indiyawa suke cin abincin biki a kan ganyen ayaba?

Tambaya: Malam, a finafinan Indiya na sha ganin mutane sun jeru a ƙasa ranar biki ana zuba musu abinci a kan ganye, har da masu hannu da shuni. Shin rashin kwanuka ne ya jawo haka, ko al'ada ce mai dalili? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, ba talauci ba ne. Abin da kika gani al'adar kudancin Indiya ce, musamman jihohin Kerala da Tamil Nadu, kuma a can zuba wa baƙo abinci a kan ganyen ayaba girmamawa ce, domin ganyen sabo ne, babu wanda ya taɓa ci a kansa. Ayaba kuwa ba ta yi musu wuya, tunda babu ƙasar da ta kai Indiya nomanta a duniya.

Inda al'adar ta fi fitowa fili shi ne bikin Onam na Kerala, wanda ake yi bayan girbi tsakanin watan Agusta da Satumba, ana kwana 10 ana shagali. A babbar ranar, wadda suke kira Tiruwonam, ana shirya walimar da ake kira sadiya, wadda bisa asali babu nama ko kifi a cikinta, amma sau da yawa kalolin abincin sukan haura 20. Ana shimfiɗa ganyen tsininsa yana hagun mai ci, kuma kowane abu yana da mazauninsa: gishiri da soyayyen yankan ayaba da haɗin citta da tsamiya a gefen hagu, kayan lambu a jere ta sama, jar shinkafar Kerala kuma a ƙasa, daidai gaban mutum. Miya ma bi da bi ake zuba ta. Da farko a kawo dafaffen ƙananan wake da man shanu, sai sambar mai tsamiya da 'ya'yan zogale (mu ganyen muke ci, su kuwa sun fi damuwa da 'ya'yan), sannan payasam, wani kunu mai zaƙi da ake yi da madara ko madarar kwakwa da mazarƙwaila, kana a rufe da tsinkakken nono. Duk da hannun dama ake ci. Idan an gama sai a naɗe ganyen a ba shanu ko a jefa a ramin taki, babu wanke-wanke, babu tulin roba a bayan gida.

Sai dai a nawa ganin, ganyen shi ne ƙaramin abin lura. Ainihin tattalin yana cikin madafa. Matar gida a Kerala ba ta zubar da komai na ayaba. Ɓawon ɗanyar ayabar da aka soya, yanka shi ake yi ƙanana a dafa da gurzajjiyar kwakwa ya zama abin haɗawa da shinkafa, furen ma ana dafa shi, haka nan farin ɓargon da ke tsakiyar kututturen. Abiyal, wanda sadiya ba ta cika sai da shi, haɗin kayan lambu ne iri-iri da kwakwa da kindirmo da ɗan man kwakwa, har ana ba da labarin cewa daga guntattakin da suka rage a madafa ya samo asali. Shinkafar da ta kwana kuwa, ruwa ake zuba mata ta yi ɗan tsami, da safe a dama da nono da albasa da barkono a karya kumallo. Mutanen Bengal da Odisha da ke gabashin Indiya ma suna da irinta, kuma duk wanda ya tashi da ɗumamen tuwo zai gane hikimar.

A arewacin ƙasar, inda ayaba ba ta kai haka yawa ba, busassun ganyayen wasu itatuwa ake ɗinkewa da tsinke su zama faranti, ana kiransu pattal, shayi kuma a sha a ƙananan kofunan yumɓu. Kada dai ki ɗauka kowa yana nan a kan tsohon tsari. Farantan roba sun cika bukukuwan birane, har da ganyen ayaba na jabu da ake yi da takarda mai rufin leda, kuma yawan sharar ne ya sa daga ranar 1 ga Yuli, 2022 gwamnatin Indiya ta haramta wasu kayan roba na amfani sau ɗaya, ciki har da farantai da kofuna da cokula.

Idan kina son jarrabawa a gida, ki nemi ganye lafiyayye wanda bai yage ba, ki wanke shi sosai, sannan ki gitta shi a kan wuta na ɗan lokaci ya yi laushi, kamar yadda ake yi wa ganyen ƙulla alale. Ki zuba shinkafar tana da zafi, domin zafin ne ke fito da ƙamshin ganyen, miya mai ruwa kuma ki yi mata rami a tsakiyar shinkafar don kada ta malale a kan tabarma.