Peugeot 504 Coupé mai injin Toyota 22R tana zafi cikin gari

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗora wa Peugeot 504 Coupé injin Toyota 22R, a hanyar Mirriya lafiya lau, amma da ka shiga cunkoson Kasuwar Dole sai allurar agogon zafi ta hau, mota ta mutu.

Tunda gudu na sanyaya ta, iska ce ba ta ratsa radiyeta idan ka tsaya. Sa fankar lantarki mai inci 14 ko 16 a bayan radiyeta, tana zuƙo iska, da rile da fiyus na amfiya 30. A ƙera mata murfin da zai rufe fuskar radiyeta duka. In babu shi, daga gefe fanka za ta ja iska.

Kafin ka kashe kuɗi, duba firikwensin zafi, wato na'urar da ke auna zafin inji ta aika wa agogo. In na Toyota aka jona wa agogon Peugeot, allurar na iya yin ƙarya. Mayar da na Peugeot.

Kada ka bari a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, ko da bakanike ya rantse. Sa mai buɗewa a digiri 82, da murfin bakin radiyeta mai matsin bar 0,9, ka fitar da iskar da ta maƙale a tiyo. Ruwan rijiya kuwa gishirinsa ke toshe bututu, don haka ruwan sanyaya inji na galan za ka zuba.

Mutuwar kuma, galibi bututun mai ne ya matso kusa da salansa, man ya zama tururi kafin ya isa kafireta, musamman a Afrilu da Mayu. Janye shi aƙalla santimita 15, ka sa farantin alminiyam tsakani.