Tambaya da Amsa: Hangen nesa a kujerar daraktan lafiya

Tambaya: Salam malam, an min ƙarin girma zuwa darakta a ma'aikatar lafiya, kullum sai a ce shugaba ya zama mai hangen nesa, ni kuwa daga mitin sai sa hannu a fayil. Wai ya abin yake a aikace? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri ranka ya daɗe. Duba abin da ya faru a Legas a 2014 da Ebola ta shigo, ai ba daga sama aka samo tsarin ba, cibiyar yaƙi da shan inna da aka kafa tun 2012 ita aka ɗauko salonta da ma'aikatanta, Dokta Faisal Shuaib ya ja ragamar, aka bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar gida-gida, a Najeriya baki ɗaya mutum 20 suka kamu 8 suka rasu, zuwa Oktoba an gama da ita. To kai ma kar ka jira sanƙarau ya ɓarke lokacin zafi ko kwalara da damina sannan a fara neman kuɗi, saka su a kasafi tun yanzu, ka ja masu unguwanni da limamai a jiki. Fayil kuwa gaskiya rabinsu mataimakinka ma zai iya gani.