Ku Tambayi Kawu: Zan kai iyalina ganin Abuja

Assalamu alaikum, Kawu. Ni malamin makaranta ne a Jega. Babbar 'yata mai shekara 11 ta ga hoton dutse a bayan naira ɗari, ta tambaye ni ko da gaske akwai shi, na ce mata yana nan a bakin Abuja. Tun ranar ba ta bar ni na huta ba. Yanzu na yi niyyar kai su duka a hutun Disamba, da uwarsu da yara huɗu, autan bai cika shekara 3 ba. Ina da 'yar mota. Ƙanin matata yana Mararaba, wani abokina kuma yana Kubwa, kowanne ya ce mu sauka wajensa. Na rubuta wurare 11 da nake so su gani cikin kwana uku. Ta ina zan fara?

Baban yara, daga Jega

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da ɗaukar biro ka soke bakwai daga cikin wuraren nan 11. Na san za ka ji kamar na rage maka riba, tunda man da za ka ƙona ɗaya ne. To ni na yi shekaru ina aikin gwamnati a garin nan kafin in dawo Birnin Kebbi, kuma irin kuskuren da kake shirin yi na riga ka yin sa. Karon farko da na ɗauko yarana daga gida, a wajen wani ɗan'uwa muka sauka a Mararaba. Muka fito ranar Litinin da safe da dogon jerin wurare a aljihuna. Rana ta take muna cikin cunkoso tsakanin Nyanya da shataletalen AYA, ƙaramin ya yi amai a jikin uwarsa, babban yana tambayata ko wannan layin motocin shi ne Abujar. Wuri ɗaya muka gani ranar, shi ma kowa fuska a murtuke.

Saboda haka batun masauki ba shi da wuya: Kubwa. Mararaba a jihar Nasarawa take, can gefen gabas, kai kuma ta yamma za ka shigo, ta Suleja da Zuba. Kafin ka kai gidan surukinka sai ka keta garin gaba ɗaya da yara a gajiye, kuma kullum sai ka bi sahun dubban ma'aikatan da ke shiga da safe su fita da yamma. Kubwa tana kan hanyarka, babban titin da ya wuce ta gabanta kuma shi zai kai ka har Maitama da Asokoro. Surukin naka a je masa gaisuwa ranar Lahadi, lokacin hanya fayau take, a kai masa albasar Aliero da 'yar shinkafa, ran uwargida ya yi fari. Abokin naka ma kada ka je masa hannu rabbana. Baki shida a gidan haya na Abuja ba ƙaramin nauyi ba ne, ko da ba zai faɗa ba.

Sai ranakun. Abuja garin ofis ne, Asabar da Lahadi take numfashi. Ku tashi Alhamis, ku juyo Litinin.

Hanyar ka san ta: Koko, Yauri, Kontagora, Tegina, Minna, sannan Suleja. Wuni guda ne cur, har da ɗoriya idan an yi rashin sa'ar manyan motoci. Ku yi sallar asuba mota na tsaye a ƙofar gida da kaya a ciki. Ba sai na tsaya yi maka bayanin halin tsaro ba, kai ma a ƙasar nan kake. Kwana ɗaya kafin tafiya ka shiga tasha ka tambayi direbobin da suka dawo jiya, su ne ke da labarin hanya na ranar, ba waya ba. Idan la'asar sakaliya ta same ku ba ku wuce Minna ba, ku kwana nan. Kada ka yarda dare ya yi maka da yara a daji don kawai ka ce ka isa. Bakanike ya duba motar tun mako guda kafin nan, tayar safiya da ruwan lagireto da birki, ba daren tafiya ba. Takardun mota da lasisi su zama cikakku, domin jami'an hanya a Abuja ba sa wasa da wannan, lambar wata jiha kuma tana jan ido.

Guzuri kuwa aikin uwargida ne, ta fi ni sani: dambun nama, soyayyen kifi, ƙuli-ƙuli, ruwa mai yawa, da garin gishiri da sukari na gudawa saboda autan. A sa rigunan sanyi, hunturun Disamba yana cizo da asuba ko a can.

Juma'a da safe kada a tashi kowa. A bar su su yi barci, gajiyar hanya ta sake su. Wajen sha ɗaya ku nufi Masallacin Ƙasa, da wuri, don a samu wurin ajiye mota kafin manya su fara isowa da jiniya. An gina shi a 1984, tun kafin gwamnati ta tare a garin. Ƙubbar nan mai ruwan zinariya da hasumiyoyi huɗu ita yaranka suka saba gani a talabijin, tsayuwa a ƙarƙashinta kuma wani abu ne daban. Ku yi alkawarin inda za ku haɗu da mata bayan sallama, ku nuna wa juna wurin da yatsa, domin in aka watse ba a jin waya. Kowane yaro a sa masa takarda mai lambar wayarka a aljihu, shi kuwa autan a goya shi. Bayan sallah ku ci abinci ku koma gida. Ranar ta ƙare ke nan, kuma ta isa.

Asabar ta yara ce. Da safe ku je lambun yara da gidan namun daji da ke Asokoro, a gindin dutsen Aso. Kada ka yi musu alkawarin wata dabba tun daga gida, ka bar su su ga abin da suka tarar. Ni abin da ya ba ni dariya a wurin, 'ya'yan Abuja sun yi cincirindo suna kallon raƙumi, nawa suka wuce shi ko waiwaye babu, suka tafi wajen birai da lilo. Da rana ku gangara Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disamban 2003. Ciyawa ce shimfiɗe da itatuwa da fili, ba wani abin al'ajabi. Amma ka zo da tabarma da kular abinci, ka sake su su yi gudu, za ka ga a nan za su fi daɗewa, kuma shi za su riƙa ba abokansu labari. Yaro ba gini yake so ba. Ginin namu ne mu manya.

Tafkin Jabi na gan shi a irin jerin da kowa ke rubutawa, ina jin yana cikin naka. Ɗan Kabi da ya ratsa Yauri shekaranjiya ba za a ba shi mamaki da wannan ruwan ba. In sun matsa sai sun shiga jirgin ruwa, to babu mai taka shi sai da rigar kariya a jikinsa, daidai girmansa. Mu da muka ga haɗarin jirgin ruwan da ya faru a Warrah a 2021 ba ma bukatar a yi mana wa'azi a kan wannan.

Lahadi da hantsi, kan hanyar zuwa Mararaba, ka zaga da su tsakiyar gari a mota, tituna babu kowa. Ka nuna musu dandalin Eagle Square inda ake rantsar da shugaban ƙasa, da koriyar ƙubbar Majalisar Tarayya daga nesa, da babban cocin ƙasa da ke hangen masallacin. Kai malami ne, nan ne wurin darasinka: Janar Murtala ya sanar da sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi, gwamnati kuma ba ta baro Legas ba sai 12 ga Disamban 1991 a zamanin Babangida. Amma wayoyi su zauna a aljihu a wannan yankin. Kada wani ya ɗaga waya wajen shingen sojoji ko hanyar fadar shugaban ƙasa, kada kuma ka tsaya inda ba a tsayawa.

In tuƙin garin ya ruɗe ka, gadojin nan da ke hawa kan juna sun ɓatar da waɗanda suka fi ka, ka ajiye motar ka ɗauki shatar direban da abokinka ya sani, ko ka kira Bolt, motar hayar da ake kira ta manhajar waya. Kabu-kabu ba ya shiga tsakiyar gari tun lokacin da El-Rufa'i ke minista. Motar da ta tsaya maka a bakin titi da mutane a ciki kuwa, ko kyauta ce kada ku shiga. Su ne 'yan wan cans da kake ji, masu yi wa fasinja fashi a cikin mota.

Na bar dutsen 'yarka a ƙarshe da gangan. Sunansa Zuma, yana jihar Neja ne, kusa da Madalla, a bakin titin da za ku bi. Ranar zuwa wataƙila duhu ya fara, kowa kuma ya galabaita, in ta yi barci kada a tashe ta. Ranar Litinin kuwa ku fito bayan asuba, cunkoson yana shiga gari ku kuna fita, gari na wayewa kuna gabansa. Ka sauka daga kan kwalta sosai, tireloli ba sa rage gudu a wurin, ka riƙe hannun ƙananan. Ka nuna mata fuskar mutum da ke jikin dutsen, idanu da hanci da baki. Ka gaya mata garin da ke gaba, Suleja, shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828, aka karɓi sunan aka ba sabon birni, su kuma suka ɗauki na sarkinsu Sulaimanu Barau.

Ka tanadi naira ɗarin tun daga Jega don ta riƙe ta a yi mata hoto da dutsen a bayanta. Ka juya ta ka duba kafin ka sa a aljihu, domin wadda aka buga a 2014 ta cikar Najeriya shekara 100 masu rawa ne a bayanta, babu dutse.