Shafinmu ya cika da yabo, amma matan unguwa ba su san da mu ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Marwa da ke Kamaru. Ni da ƙawayena mun buɗe shafi a Facebook da zaure a WhatsApp don jawo hankalin masu zaɓe kan lamuran mata, irin su auren wuri da karatun 'ya'ya mata. Ana ta yaba mana, amma a unguwa ba mu ga abin da ya motsa ba. Me za mu gyara? Kuma doka ta yarda da abin da muke yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi muku albarka. Masu yaba muku galibi 'yan'uwanku ɗalibai ne da ke karanta Faransanci. Matar da kuke nema kuwa tana unguwar Domayo tana suyar ƙosai, wayarta ƙarama ce, wani lokacin ma ta maigida ce. Rubutu ba zai isa wurinta ba, murya ce za ta isa. Ku riƙa yin saƙon murya na minti ɗaya, da Hausa da Fulatanci, kowacce ta kunna wa iyayenta a wajen suna, ko ranar zubin adashi, ko a Islamiyyar matan aure bayan an nemi izinin malamin.

Abin da za ku faɗa a saƙon ya fi komai nauyi, kuma shawarata ku fara da takarda. A Kamaru sai mutum ya cika shekara 20 yake jefa ƙuri'a. Hukumar zaɓe ta ELECAM tana rajistar masu zaɓe daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, kuma da zarar an sanar da ranar zaɓe a hukumance sai a dakatar. Rajistar tana bukatar katin shaidar ɗan ƙasa, katin kuma yana bukatar takardar haihuwa. Nan ne mata da yawa a jihar Arewa Mai Nisa suke maƙalewa, domin wadda ba a yi mata tun tana jaririya ba, sai ta bi ta kotu kafin ta samu. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Yarinyar da ba ta da takardar nan ba ta iya zana jarrabawar kammala firamare, kuma ranar da za a aurar da ita babu mai iya tabbatar da shekarunta, alhali dokar hukunta laifuka ta 2016 ta haramta aurar da wanda bai kai 18 ba, mace ko namiji. Kin ga auren wuri da karatu da ƙuri'a duk a igiya ɗaya suke ɗaure.

Don haka kada ku tsaya tambayar ɗan takara ko yana son ci gaban mata, kowa zai ce e. Mai neman kujerar magajin gari, ofishinsa ne ke bayar da takardar haihuwa: ku tambaye shi me zai yi wa yaran da ba su da ita, da kuma yaushe. Ku ɗauki amsarsa da muryarsa, da saninsa, ku ajiye. Ku kuma duba jerin sunayen 'yan takarar kowace jam'iyya. Dokar zaɓe ta 2012 ta wajabta a sa mata a ciki, amma ba ta yanke adadi ba. Duk da haka ta yi tasiri, don a 2013 mata 56 suka shiga majalisar dokoki mai kujeru 180. Abin dubawa shi ne, a saman jerin aka sa su ko a can ƙasa don cika sharaɗi?

Batun doka kuwa, wayar da kai ba laifi ba ne. Sai dai dokar intanet ta 2010 tana hukunta mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba, har da ɗauri. Duk abin da aka turo muku kan wani ɗan takara, in ba ku da hujja, kada ku tura gaba. Kada kuma ku karɓi kuɗin data daga wata jam'iyya, don ranar da aka ji, matan unguwa za su daina sauraronku.

Kuna da manya a kusa. Reshen ƙungiyar ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata yana nan Marwa, kuma Aissa Doumara, wadda ta samu lambar yabo ta Simone Veil a 2019, tana cikin waɗanda suka kafa shi. Ku je ku gaishe su, ku nuna musu saƙonninku kafin ku sake su.