Kan Sarki Mai Hoton Raƙumi: Gidan Waya Ne Ko Bosta?

Tambayar farko ta wannan mako ta fito ne daga wani saurayi a wani gari da ke gaɓar kogin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar a nan Sudan. Ga abin da ya ce: "Malam, a garinmu akwai wani tsohon gini na jan bulo kusa da kasuwa. An daɗe da rufe shi, awaki ke kwana a barandarsa. Mu bosta muke ce masa, kakana kuwa har ya koma ga Allah gidan waya yake cewa, alhali ban taɓa jin an sayar da waya a ciki ba. Wanne ne Hausa? Kuma ana maganar rushe shi a yi shaguna, shin akwai abin da za mu rasa?"

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, bai yi kuskure ba, kai ma ba ka yi ba. Sunayen biyu duk baƙi ne da suka zama 'yan gari, sai dai kowanne da ƙofar da ya shigo.

Waya daga Ingilishi aka aro ta, kuma asalinta sunan siririn ƙarfen nan ne da ake ja a kan turaku. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka ja shi daga Lokoja, ya bi ta Zungeru har ya kai Kano, don aika saƙon tangaraho. Bahaushe ya ga gidan da ƙarfen ke shiga, ya ce gidan waya. Da yake a nan ne kuma ake karɓar wasiƙu, sunan ya haɗe duka. Shi ya sa har yau muke cewa "buga waya": ma'aikacin tangaraho bugawa yake yi da yatsa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, saƙo ya bi ƙarfe ya tafi. Wayar da ke aljihunka ba ta da igiya, ba kuma dukanta kake yi ba, amma kana buga ta. Balarabe shi kuma saurin abin ya duba, ya kira shi barƙiyya, daga barƙ, wato walƙiya. Tsohuwar hukumar gidan waya ma a nan Sudan sunanta ke nan, ta Barid da Barƙ, wato wasiƙu da tangaraho.

Bosta kuwa Italiyanci ce, asalinta posta. Wani ɗan Italiya, Carlo Meratti, ya kafa harkar kai wasiƙu a Iskandariyya, a 1865 gwamnatin Khedive Isma'il, mai mulkin Masar, ta saye ta, sunan ya zauna a bakin Misirawa. Da yake Larabci ba shi da harafin p, sai ya koma b. Daga Masar ta gangaro Sudan: an buɗe ofis a Sawakin a 1867, na Khartoum a 1873. To idan Bahaushen Mai Wurno ko Gadarif ya ce "zan je bosta", bai ɓata harshe ba, ya yi abin da ɗan'uwansa na Kano ya yi ne da waya. Ni dai abin da ba na so shi ne a yi wa tsoho dariya don ya faɗi ta gida.

Akwai kalma ta uku da nake zaton ka ji a bakin kakanka, ita ce kan sarki. Ita ce ta fi ba ni sha'awa. 'Yar takardar da ake liƙa wa ambulan a Najeriya ta Arewa a zamanin Turawa tana ɗauke da kan mai mulkin Ingila. Na farkon, a 1900, kan sarauniya Victoria ne, daga baya aka sa na Edward na Bakwai da George na Biyar, sunan ya kama. Da Elizabeth ta hau ba wanda ya wahalar da kansa ya ce kan sarauniya. Amma a Sudan ba kan sarki aka sa a jiki ba. A 1898 hoton da aka sa shi ne mai kai wasiƙa a kan raƙumi yana sukuwa cikin sahara, zanen wani hafsan Ingila mai suna Stanton. A jikin jakunkunan raƙumin an rubuta Berber da Khartoum, alhali a lokacin da aka fito da shi Khartoum na hannun Halifa Abdullahi, magajin Mahdi, sai a watan Satumba na shekarar aka yi yaƙin Karari aka karɓe ta daga hannunsa. Wannan raƙumin ya daɗe, har a kan kuɗin ƙarfe bayan samun 'yanci a 1956. Ka ga ke nan tsohonmu zai tsaya gaban taga, ya miƙa ƙurushi, ya ce a ba shi kan sarki, a miƙo masa raƙumi, ya lasa ya manna, ba tare da ya ga wani abin mamaki ba.

Batun rushewa kuma, ni ba magini ba ne, amma ga abin da na gani da idona. Na taɓa sauka gidan wani dattijo a wani ƙauye na Jazira. Bayan la'asar ya sa jikarsa ta ɗauko wata adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin angarib, wato gadon igiya. A ciki, tsakanin tsohuwar takardar fasfo da carbi, akwai ambulan da ya yi ja don tsufa. A bayansa an rubuta adireshi da Larabci, ta hannun wani ɗan kasuwa mai akwati a bosta, domin a lokacin unguwa guda kan dogara da akwatin mutum ɗaya. A ciki kuwa Hausa ce da ajami. Rabin takardar gaisuwa ce, suna bayan suna, har da wanda aka haifa bayan tafiyarsa. Labarin yana cikin layi biyu na ƙarshe: gyatumarsa ta rasu da kaka. Ya ce wasiƙar ta iske shi ana shirin damina. Ya nuna mini hatimin da aka buga a kan ambulan ranar da ta iso, sunan garinsu da kwanan wata, ya ce, "Malam, ka ga ranar da na zama maraya a nan, ba ranar da ta rasu ba."

Mutanenmu sun zo ƙasar nan da ƙafa. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903. Wasu hanyar hajji ta kawo su, ta Abeche da Jinaina da Fashir da Ubayyid, suka tsaya neman guzuri a gonakin auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, guzurin ya zama zama. Ga irin waɗannan, wannan ɗan ginin shi ne tagar da ake leƙa gida. A gindin bishiyar da ke gabansa ardahalji, wato mai rubuta wa mutane wasiƙa, ke zama da teburinsa, tsoho ya faɗa da Hausa, shi ya juya da Larabci, in tsohon ya cika zagi ya rage masa. Nan ake karɓar hawala, wato kuɗin aike, daga ɗa mai aiki a Jidda. Idan ba za a iya hana rushewar ba, ku haɗu da dattawa ku roƙi a ba ku hatimin mai sunan garin, da ma'aunin wasiƙu, da littattafan rajista, da ƙofofin akwatunan masu lamba. Ku ɗauki hoto, ku ɗauki muryar waɗanda suka yi layi a wurin tun suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Gadarif. Ta ce mijinta yana yawan ce mata "zuwa da kai ya fi saƙo" da "zumunci a ƙafa yake" duk lokacin da ta aika wa danginta gaisuwa ta WhatsApp. Tana so ta san ko karin maganar na nufin saƙo ba zumunci ba ne.

Malama, ki lura da kalmar "ya fi". Ba a cewa abu ya fi wani sai in shi ma wanin yana da nasa amfani. An yi karin maganar ce don mai iya zuwa da ya zaɓi aike, kamar wanda aka yi wa maƙwabcinsa rasuwa ya turo yaro. Kuma tana ɗauke da wani tsoro na dā, cewa ɗan aike kan rage, ya ƙara, ko ya yi aiken bawa garinsu, wato ya tafi ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Wanda yaƙi ya tsare wa hanya, kamar yadda ya tsare da yawa tun 2023, ba shi ake nufi ba. In kuwa dangin nan a unguwar da ke bayanku suke, to maigida ya fi ki gaskiya, sai ki ɗauki mayafi.

Tunda kin taɓo saƙo, bari in raba miki shi da 'yan'uwansa. Saƙo shi ne uwa, ya haɗa magana da kaya. Sallahu shi ne ki ɗora wa mai tafiya buƙatarki tunda dama hanyarsa ce. Sautu kuwa sai da kuɗi, ki ba shi ya sayo miki.

Ta ƙarshe gajeriya ce, wani ɗalibi a Madani ke tambaya: me ya sa mu a nan muke cewa jawab, baƙinmu na Najeriya kuma su ce wasiƙa, in ka ce musu jawabi sai su zaci lacca? Duka Larabci ne. Jawab asalinta amsa, Sudan ta mai da ita takardar da ake aikawa, ƙasar Hausa ta mai da ita maganar da shugaba ke yi a taro. Wasiƙa kuwa daga wathiƙa take, takardar da aka amince da ita, harafin tha mai ɗigo uku ya koma sin kamar yadda ya koma a hadisi da sulusi da Usman. Shehu Ɗan Fodiyo ma yana da Wathiƙatu Ahlis Sudan, sai dai Sudan ɗin da yake nufi ƙasar baƙar fata ce baki ɗaya, kada ka je ka ce wa malaminka mutanen Madani ya rubuto wa.