Amsa: a duba takardar makaranta kafin a ba da tallafi?

Malam, ka tambaya ko ya dace gwamnati ta duba matakin karatun mutum kafin ta tallafa masa. Tallafin ba iri ɗaya ba ne, sai an rarrabe.

Akwai wanda aiki ne ake biyan ladansa. N-Power, shirin gwamnatin tarayya na sama wa matasa aiki da aka fara a 2016, ya riƙa ba masu digiri, HND da NCE Naira 30,000 a wata, suna koyarwa a firamare ko taimaka wa malaman gona. A nan neman takarda daidai ne.

Amma tallafin rage raɗaɗin talauci, ban yarda a ɗaura shi da karatu ba ko kaɗan. Yin haka zai fitar da waɗanda aka yi shi dominsu: gwauruwa mai marayu, tsoho, manomin da ambaliya ta cinye gonarsa. Ga kuma alaramman da ya haddace Alƙur'ani a tsangaya, ilimi gare shi amma ba shi da satifiket. Shi ya sa tsarin gwamnatin tarayya na ba marasa galihu Naira 5,000 a wata da aka yi a baya, wanda aka riƙa haɗawa a biya 10,000 duk wata biyu, ya bi ta rajistar marasa galihu. Akan tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya lissafa gidajen da suka fi talauci, a haɗa sunayen, sannan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida suna duba rufin ɗaki, dabbobi da yawan iyali.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ko ba a rubuta sharaɗin karatu ba, yana shigowa ta bayan gida. Fom na Turanci a intanet, sai mai boko. Wanda bai iya ba ya je shagon kwamfuta, yaron shago ya sa lambar wayarsa, saƙon tantancewa ya tafi can. Ko a NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) an rubuta Muhammad, a BVN (lambar tantancewa ta banki) Mohammed, kuɗin ya maƙale, mai shi yana zaton an cinye ne.

Don haka duk mai taimaka wa wani ya cike fom, ya fara gwada suna da ranar haihuwa a NIN da BVN, harafi da harafi. In sun saɓa, a gyara a banki ko ofishin NIMC (hukumar katin ɗan ƙasa) kafin a tura. Layin waya kuma ya zama na mai neman ne, wanda aka yi rajista da sunansa.