Amsa ga ƙanwarmu mai son kai labarinta Sikotilan

Assalamu alaikum, 'yan gida barkanmu da warhaka. Ƙanwata mai tambaya, na ga saƙonki tun safe, sai na ga rubutu ba zai ɗauke maganar ba, shi ya sa na ce bari in yi murya. Kin ce za ki zo hutu wajen yayanki a nan Sikotilan, kina kuma son kafa sabon littafinki na soyayya a nan. Tambayarki ita ce ko ya cancanci ki kashe kuɗin mota da na shiga ki zaga tsofaffin gidajen sarauta da lambunansu, ko hotunan intanet sun wadatar.

Ki je, ƙanwata. Wallahi ki je. Amma idan kyau kawai za ki je kallo, to hoto ya ishe ki, ki riƙe kuɗinki. Abin da nake so ki je nema shi ne abin da ke hana mutum biyu haɗuwa a cikin gidan. Ina ƙofa take, wa ke riƙe da makulli, wa ke jin magana ta bayan bango, ta ina yarinya za ta bi ba a gan ta ba. Mu fa mun san wannan tun a gida: duk daɗin zancen zaure yana cikin sanin cewa Baba na iya gyaran murya daga ciki kowane lokaci. To gidajen nan haka aka gina su, sai dai da dutse.

Fara da fadar Holyrood a Edinbara. Za a bi da ke ta wata matsattsiyar matakala mai murɗewa zuwa ɗakin kwanan Mary, sarauniyar Sikotilan ta zamanin da. A gefensa akwai ɗan ƙaramin ɗakin da take cin abincin dare, wanda in kika leƙa za ki yi mamakin yadda mutum biyar ma suka zauna a ciki. A nan ne a watan Maris na 1566 mijinta Darnley ya shigo mata da mutane, tana da tsohon ciki, suka fizgi sakatarenta David Rizzio daga bayanta suka ja shi waje suka kashe shi da wuƙaƙe. Kishi da neman mulki ne suka haɗu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matakalar nan: ta haɗa ɗakin miji da na mata kai tsaye, wato hanyar da aka yi don miji ya zo wa matarsa ita ce hanyar da masifa ta biyo. Wannan ba za ki gane shi a hoto ba sai kin tsaya a wajen kin ga kusancin ƙofofin da idonki.

Daga nan ki bi ta Kinross ki shiga ƙaramin jirgin ruwa zuwa Lochleven. Kango ne yanzu a tsakiyar tafki, amma nan aka tsare wannan Mary ɗin daga 1567, nan aka tilasta mata ta sauka daga mulki ta bar wa ɗanta jinjiri. A watan Mayu na 1568 wani matashi ɗan gidan, Willie Douglas, ya sace makullan, ya fitar da ita, ya kulle ƙofa a bayansu, suka tsallake ruwan. In kina cikin jirgin ki ajiye waya. Ki saurari ƙarar ruwa, ki lura da yadda duk wanda ke saman hasumiya zai hango ki tun daga nesa. Da wannan tsoron za ki rubuta babin gudu, ba da "zuciyarta na dukan uku-uku" da muka saba cika shafi da shi ba.

Tunda yayanki a birnin Abadin (Aberdeen) yake, ai kin faɗo a dausayi, don yankin cike yake da tsofaffin gidajen sarauta. Akwai Castle Fraser, inda aka ɓoye wani ɗan ƙaramin ɗaki a saman babban zaure, ana cewa maigida ne ke shiga ya saurari abin da baƙi ke faɗa a ƙasa. Marubuciya ta ga wannan ai ta samu rabin littafi. Akwai Dunnottar kusa da Stonehaven, a kan wani dutse da teku ta kusa kewayewa, matakala sun haura 200, iska kuma kamar za ta ɗauke ki, ki ɗaure mayafinki da kyau ki sa takalmi mai kama ƙasa. Can aka ɓoye kambun sarautar ƙasar lokacin da sojojin Ingila na Cromwell suka yi wa wajen ƙawanya a 1651 zuwa 1652, matar wani limamin coci ce ta taimaka aka fitar da shi aka binne a ƙarƙashin daɓen cocin Kinneff. Mace ce fa, ba jarumi mai takobi ba.

Sai lambu, kuma nan nake so ki daɗe. Ki je Crathes kusa da Banchory, gidan iyalin Burnett ne na ɗaruruwan shekaru kafin su miƙa shi ga ƙungiyar kula da wuraren tarihi ta National Trust for Scotland a 1951. Lambun yana cikin katanga, kuma an rarraba shi ɗaki-ɗaki da shingen wata bishiya mai duhun ganye da aka dasa tun 1702, ana aske ta har ta zama bango, ta fi tsayin mutum nesa ba kusa ba. Katangar ba ado ba ce, iska take tarewa, dutsen kuma ya sha rana ya riƙe ɗumi, shi ya sa ake manna itatuwan marmari a jikinsa. To ki lura da abu guda: kina tafiya a gefen shingen za ki ji takun mutum a kan tsakuwa ta ɗaya ɓangaren, har ki ji muryarsa, amma ba za ki gan shi ba sai kun kai kusurwa. Ki ɗaga kai kuma, tagogin gidan suna kallon lambun daga sama. Wato a ƙasa kun ɓuya, daga sama ana ganinku. In kin rasa inda za ki sa haɗuwarsu ta farko, ga shi nan an gina miki. Ki shaƙi ƙamshin wajen bayan yayyafi, ki taɓa dutsen ki ji sanyinsa, ki rubuta nan take a ɗan littafinki kafin ki koma mota.

Gretna Green kuwa ba gidan sarauta ba ne, ƙauye ne a bakin iyaka da Ingila. A 1754 Ingila ta fara aiki da dokar da ta hana wanda bai kai shekara 21 ba aure sai da yardar iyaye, dokar ba ta shafi Sikotilan ba, sai masoya suka riƙa gudowa maƙerin garin yana ɗaura musu aure a maƙerarsa. Yana da nisa daga Abadin, in lokaci ya ƙure ki bar shi.

Abu biyu nake roƙonki. Na farko, kada kyan gidajen ya rufe miki ido daga waɗanda suka biya kuɗinsa. Dunrobin can arewa ɗakunansa 189, lambunsa abin kallo, amma a farkon shekarun 1800 masu gidan sun tashi dubban talakawa daga gonakinsu don a kiwata tumaki. Mai wanki da mai hura wuta da mai aske shingen nan su ma suna da zuciya, kuma ni labarinsu ya fi ja na.

Na biyu, don Allah kada ki ɗauko mana 'yar Kano ki aurar wa wani basarake mai doki a kan tsauni. Ɗalibanmu sun cika Abadin suna karatun man fetur da injiniya. Ki ɗauki biyu daga cikinsu ki kai su Crathes ranar Asabar, da tikitin bas da abinci a kula. Ki tuna a watan Yuni magariba sai bayan ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa wajen uku da rabi na yamma rana ta faɗi. Wannan kaɗai zai canja miki yadda ake zance da lokacin da za a ce yarinya ta yi dare.

Ki duba ranakun buɗewa kafin ki fita, don da yawansu a rufe suke lokacin sanyi, jirgin Lochleven ma ba ya tashi. Mayu zuwa Agusta ne lambu ke cika. In wurare da yawa za ki shiga, katin zama mamba ya fi sauƙi a kan biyan kowace ƙofa, amma ki lura ba hukuma ɗaya ke riƙe da su duka ba, Holyrood da Dunnottar kuɗinsu daban ne. In kin sa ranar tahowa ki yi mini magana ta gefe in turo miki lambobin bas. A gaida Mama.